Fedar Birkin Mama Rifkatu

Kafin a san ni da sunan ɓarawo, da gyaran birki aka san ni. Ba yabon kai ba, a wancan lokacin in aka lissafa kanikawa biyar masu hannu a Sakkwato, da wuya a tsallake ni. Ba zan faɗi sunana ba, domin 'ya'yana suna amsa shi a makaranta, kuma abin da suka sha a kansa ya ishe su. Da ku nake, ku matasan da ke koyon sana'a yanzu, musamman ku da ake danƙa wa kayan mutane a juya baya a tafi.

A Gidan Dare aka haife ni. Mahaifina manomi ne da ya shigo birni da tallan albasa ya zauna. Da ya ga boko ba ta karɓe ni ba, sai ya kama hannuna ya kai ni garejin Malam Ummaru da ke wajen Sabon Gari. Shekara tara na yi a hannun wannan dattijo. Mutum ne mai faɗa, ba ya dariya sai da dalili, amma ban taɓa ganin ya ci ko noti ɗaya na wani ba.

Dokoki biyu gare shi waɗanda ba a takawa. Ta farko, duk abin da ka cire a motar mutum, ko ya ruɓe, sai ka sa shi a kwalin sabon ka miƙa wa mai mota hannu da hannu ka ce, "Ga tsohon kayanka." In mun yi gunaguni yakan ce, "Wanga ƙarhe nashi na, da kuɗɗinai yas saye shi. Ko ya mutu, ba shi abinai ya gani da idonai." Ta biyu, duk motar da aka taɓa wa birki ba ta barin gareji sai shi da kansa ya shiga, ya ja ta, ya danna birkin sau uku da iya ƙarfinsa, har mu da ke gefe mu ji tayoyi sun yi kuka. "In za ta karyewa," in ji shi, "ta karye ƙarƙashin ƙahwata, ba ƙarƙashin ƙahwar mai ita ba."

Da ya yaye ni, na kafa rumfata a Mabera, na auri Hadiza, Allah ya ba mu 'yarmu ta fari, A'isha. Na zo da dokokin maigidana duka biyu, kuma su suka jawo mini jama'a. Sai ka ji ana cewa, "Kai ta wurin yaron Malam Ummaru, shi ne mai maido maka da tsohon kaya."

Abin ya fara ne daga wani rabin durom. Yawancin masu mota in ka miƙa musu tsohon kayansu sai su yamutsa fuska su ce me za su yi da shi, ka jefar. Ni kuwa sai in jefa a durom ɗin da ke bayan rumfa, da niyyar in sayar wa masu gwangwan in ya cika. Wata rana wani ma'aikaci ya zo da sabon takalmin birki a kwali, ya ce a canza masa, ya wuce ofis. Na buɗe taya na ga nasa bai ko ci rabi ba. Na tsaya ina kallon sabon, ina kallon durom. Ban yi dogon tunani ba. Na wanke nasa na mayar, na zaro wani cinyayye daga durom na sa a kwalin, na ɓoye sabon. Da ya dawo na miƙa masa na ce, "Ga tsohon kayanka." Ya juya shi ya ga yadda ya cinye har ƙarfe, ya riƙe baki ya ce Allah ne ya tsare shi, ya yi mini godiya har da ƙarin na goro.

Ba abin da ya faru. Motar ba ta yi hatsari ba, mutumin bai dawo ba, ni kuma na kwana lafiya. Da a ce ranar an kama ni an ci mutuncina a gaban jama'a, da an yi mini gata. Rashin faruwar komai ɗin nan shi ya kashe ni.

Daga takalmin birki na koma filogi, na koma filta, na koma masta, tukunyar man birki. Durom ya zama rumbuna, ba abin da babu a ciki. Kowace irin mota ka kawo, ina da gawar da zan miƙa maka a madadin naka. Sabbin kuwa wani dillalin kayan mota mai suna Sahabi ke zagayowa ya kwashe. Dokar da maigidana ya kafa don kada a cuci mutane, ita na mayar abin rufe musu ido. Kuma abin da ya fi ba ni kunya yanzu, a lokacin ne sunana ya fi ƙamshi. Sahun farko nake salla, ana kiran ni raba gardama tsakanin kanikawa da masu mota, ni ma har na fara yarda cewa ni mutumin kirki ne mai ɗan wayo kawai.

A cikin masu kawo mini mota akwai Malama Rifkatu. Daga kudancin Kaduna ta zo Sakkwato tun tana budurwa, tana koyarwa a wata firamare a Mabera, tana zaune a Sabon Gari. Ita ta koyar da matata Hadiza tun daga aji ɗaya, ga shi kuma A'isha ta shiga makarantar. Don haka ba ta kirana da komai sai "surukina", ni kuma in ce mata Mama. Mace ce gajera ƙwarai, mai fara'a, mai tsiwa in an taɓo ta. Mijinta ya rasu ya bar mata motarsa, babba, atomatik, shi kuwa marigayin dogo ne sambal. In za ta tuƙa sai ta jawo kujera har ƙarshe, ta cusa matashi biyu a bayanta, ƙirjinta ya kusa taɓa sitiyari, duk da haka da kan yatsun ƙafa take taɓo birki. Nakan tsokane ta in ce, "Mama, in kun taho daga nesa sai in ga mota na tafiya ba direba." Ita kuma ta ce, "Surukin banza, ka bari in gaya wa 'yata ta hana ka tuwo."

An sha ba ta shawarar ta sayar da motar ta sayi ƙarama, ta ƙi. Ta ce ita kaɗai ce abin mijinta da ya rage yana motsi. Kuma da ita take kai kanta makaranta da coci da asibiti ba tare da ta roƙi kowa ba, abin da ta fi ƙi a duniya ke nan, roƙo.

Wata Alhamis da safe ta shigo rumfata fuskarta kamar an yi mata albishir. Ta buɗe but ɗin motar ta nuna mini wani kwali mai nauyi. 'Yarta da ke aikin jinya a ƙasar waje ce ta aiko. Na buɗe na ga abin da sai dai labarinsa na taɓa ji: fedar birki ce sukutum da gindinta, ƙarfe ɗaya mai kauri, da wani abin murɗawa a gefe mai kama da kan famfo. In ka murɗa shi sai fedar ta matso wajen direba ko ta ja baya, ta tsaya cak inda ka bar ta. An yi ta ne daidai da irin motar.

"Surukina," in ji ta, "yau zan rabu da matasan nan. Bayana ya gaji. Ba wanda zan ba wannan ya ɗaura sai kai."

Aikin ba wani mai wuya ba ne ga wanda ya sani. Ka kwanta a ƙasan sitiyari, ka cire wayar fitilar birki, ka zare fil ɗin da ya haɗa feda da sandar da ke tura masta, ka kwance noti huɗun da ke riƙe da gindin tsohuwar. Ka ɗora sabuwar, ka ɗaure noti huɗun, ka mayar da fil ka sa masa makullinsa, ka haɗa waya. Sai ka zaunar da mai mota ka yi ta murɗawa har ƙafarsa ta zauna daidai. Da a ce ta zauna a benci ta jira, da kafin azahar na gama. Amma ƙararrawar makaranta na jiran ta, kuma ta yarda da ni. Ta miƙa mini makulli ta ce gobe bayan la'asar za ta zo, ta tare keke napep ta wuce.

Ko sa'a ɗaya ba a yi ba sai ga Sahabi. Idonsa ya faɗa kan kwalin, ya ɗaga fedar yana jinjina nauyinta.

"Wagga ta hi ƙarhin tsohuwa mai zuwa makaranta da coci," in ji shi. "Ina da Alhaji mai irin motar, gajere awa turmi, shekara guda shina biɗar irinta. Abin da ka yanka shi za ya biya."

Na ce ya ajiye, wannan ta Mama ce. Wallahi na faɗa, kuma da gaske nake a lokacin. Ya yi dariya ya tafi. Da yamma ya dawo ya raɗa mini abin da Alhajin ya taya, kuɗin da ban taɓa samu a aiki ɗaya ba. Ya ƙara da cewa, "Ita mi tas sani? Ƙahwatta ta kai ga birki, shi ke nan. Wa za ya leƙa ƙarƙashin sitiyari?"

Ban hana shi ɗauka ba. Abin da na ce kawai shi ne ya bar mini kwalin da takardar da ke ciki.

Washegari na kwance tsohuwar fedar Mama na kai wa Mode mai walda, maƙwabcin rumfata, dattijo mai gaskiya. Na ce ya yanke ta a tsakiya ya ƙara mata ƙarfe kamar tsawon tafin hannu. Ya ɗaga gilashinsa ya dube ni.

"Ni ba ni yi," in ji shi. "Ƙarhen birki ba a yanke shi a liƙa. Ranar da anka taka da hwaɗuwar gaba, nan na shika ɓallewa. Kai ka hi ni sani."

Na ce masa ai ta wata matacciyar mota ce da ake son a tura a sayar. Ya ce ko ta gawa ce ba ya yi. Na jira ya rufe ya tafi masallacin Juma'a, na ɗauko makullin da yake bar mini ajiya, na kunna injinsa. Mutane na can suna sauraron huɗuba, ni ina nan ina yanka fedar birkin matar da ta koya wa matata karatu. Walda kuwa ta gani na iya, ba ta koyo ba. Na liƙa ta yadda na iya, na goge tudun da dutsen guga, na fesa baƙin fenti, na sa sabuwar roba a wurin takawa. Na samo wani kan famfo na roba na fente shi, na ɗaure a gefe don ya yi kama da abin murɗawa. Na mayar da ita motar. Sannan na zura hannu a durom, ko dubawa ban yi ba, na zaro wata tsohuwar feda na jefa a kwalin.

Saura dokar maigidana ta biyu. Na shiga motar, na ja ta zuwa bakin titi, na ɗora ƙafa a kan birki. Na taka a hankali, kamar mai taka ƙwai, ta tsaya. Na ɗaga ƙafa zan danna da ƙarfi irin na Malam Ummaru, sai na fasa. A kotu na ce ban san za ta karye ba. Ƙarya na yi. Wanda bai sani ba ai dannawa zai yi. Ni na ƙi dannawa ne don na san abin da zai faru, kuma ban so ya faru a ƙarƙashin ƙafata ba.

Mama ta zo bayan la'asar da kula cike da faten acca ta ce in kai wa Hadiza, 'yarta. Ta shiga motar, ta zare matasan nan biyu ta wurga su kujerar baya, ta jingina bayanta, ta miƙa ƙafa. Tafin ƙafarta ya zauna a kan birki gaba ɗaya. Ta fashe da dariya har da hawaye.

"Shekara shida rabon da in zauna a motar nan kamar mutum," in ji ta. "Allah ya yi maka albarka, surukina."

Ta kai hannu za ta taɓa abin murɗawar, na yi wuf na ce, "Mama, kada ku taɓa, na riga na saita daidai da ku." Na ɗauko kwalin na miƙa mata da hannu biyu na ce, "Ga tsohon kayanku." Ba ta ce in jefar ba kamar sauran mutane. Ta ce ai ƙafar mijinta ta sha taka ta, ta sa a but. Na kai faten gida muka ci, Hadiza na ta yaba hannun malamarta.

Mako uku bayan haka Allah ya ba ni damar da ban cancanta ba. Mama ta tsaya a rumfata ta ce in ta taka birki tana jin kamar fedar na ɗan lanƙwasawa gefe. Na kwanta a ƙasan sitiyari na haska da waya. Fentin ya tsage daidai wurin waldar, ga wani siririn layi kamar gashi. Na gan shi sarai. Da a nan na ce ta bar motar, in nemo wata feda lafiyayya ko da ta gwanjo ce, da yau ba na wannan rubutu. Amma in na yi haka sai ta tambayi ina sabuwar, kuma sunana da na gina ya rushe. Na ɗan buga sifana a jikin noti don ta ji ƙara, na taso ina murmushi na ce, "Sabunta ce, Mama, za ta zauna." Ta ce to, tunda ni na faɗa.

Ranar wata Litinin da safe, ina shimfiɗa kayan aiki, na ga mutane na gudu wajen makarantar. Yadda aka ba ni labari, Mama ta gangaro za ta shiga, yara sun yi cincirindo a bakin ƙofa, sai wani ɗan kabu-kabu a kan babur ya gifta mata. Ta danna birki da ƙarfi, fedar ta ɓalle ta faɗi ƙasa. Mota na tafiya, gaba yara ne, dama yara ne, hagu kuma ginshiƙin kankare na katangar makarantar. Ta murɗa kan motar hagu. Ko yaro ɗaya bai ƙwarzane ba. Ita kuwa sai da aka yanka ƙarfe aka zaro ta, kuma likitoci ba su iya ceto ƙafarta ta dama ba, daga gwiwa suka yanke.

Da 'yan sanda suka zo, na riga na shirya ƙaryata. Na ce abin da aka ba ni shi na ɗaura, in ya karye to daga kamfani ne, ai kayan waje ma akwai na jabu. Na ce shaidata ita ce na mayar mata da tsohuwar fedarta a kwali, su duba but su gani. Da bakina na tura su inda za a kama ni.

Jami'in duba motoci ya ce a kira dattijon kanikawa ya ga kayan. Wanda aka kira kuwa Malam Ummaru ne. Ya zo da sandarsa, ya tsufa, bai ko kalle ni ba. Ya ɗauki karyayyar fedar ya shafa wurin waldar da babban yatsa, ya ɓalle kan famfon ya ajiye a tebur. Sannan ya zaro wadda ke cikin kwalin ya ɗaga ta sama. 'Yar siririya ce. Fedar birkin mota atomatik kuwa faffaɗa ce, ko ɗan koyo na wata ɗaya ya san wannan.

"Wagga hedar mota mai kuloci ta," in ji shi. "Motar Malama ba ta da kuloci. Ba daga jikinta anka hiddo ta ba."

Sai a lokacin ya juyo ya dube ni. Na zaci zagi zai yi, da ma ya yi. Tambaya ɗaya ya yi mini, a hankali.

"Ka taka ta sau ukku?"

Na sunkuyar da kai. Ya ajiye fedar, ya goge hannunsa a jikin rigarsa, ya fita. Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan, domin ina shekara ta biyu a gidan yari Allah ya yi masa rasuwa, ban samu ko sallar gawarsa ba.

Aka je rumfata aka kifar da durom a gaban jama'a. Masu motocin da na yi wa aiki suka yi ta zuwa, kowa ya buɗe tasa ya tarar da tsohon kayansa na nan daram, an wanke an shafa mai. Mode ya ba da shaidar abin da na roƙe shi ya ƙi. Sahabi kuwa ya rantse bai taɓa sayen komai a hannuna ba, daga baya ma ya bar garin. Alƙali ya ɗaure ni shekara huɗu, kuma ni na san ya yi mini sauƙi.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Akwai zafi, akwai ƙwari, akwai yunwa, amma duk ana sabawa. Abin da ban saba da shi ba shi ne abin da Hadiza ta gaya mini a zuwanta na farko, wanda kuma shi ne na ƙarshe. Ta ƙi zama, a tsaye ta yi magana.

"A'isha na cikin ɗiyan da ke bakin ƙohwa," in ji ta. "Ƙarƙashin motar anka ɗauko gorar ruwanta. Kai kas saki mota bisa ɗiyarka, Mama tak kauda ta da ƙahwatta. Kuma ka kawo man hwatenta na ci ina sa albarka."

Ta nemi takardarta, na rubuta mata. Ban ga laifinta ba a lokacin, har yau ma ban gani ba.

Da aka sake ni, sai da na yi wata biyu ina zagaye layin gidan Mama a Sabon Gari ban iya shiga ba. Ranar da na yi ƙarfin hali na yi sallama, na same ta a baranda tana gyara wake a faranti, sandunan tafiya biyu a jingine kusa da ita. Ta yi ritayar dole. Motar mijinta kuwa tuni masu gwangwan suka saye ta. Guntun ƙafarta na ɗore a kan matashi, kuma na gane shi, ɗaya ne daga cikin biyun nan.

Na durƙusa na ce, "Mama, ni ne."

"Na gan ka, Malam," in ji ta. Ba ta ce surukina ba, kuma wannan ya fi mari zafi.

Na yi ta magana, ban ma san me na ce ba, ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ta bar ni har na gaji, tana ta tsince tsakuwa a wakenta. Sannan ta ture farantin.

"Ba satar ce ta fi yi mini ciwo ba," in ji ta. "Mutum yakan ga abu zuciyarsa ta rinjaye shi. Ranar da na dawo na ce maka tana lanƙwasawa, ka kwanta ka duba, ka taso ka kalli fuskata kana murmushi. Wannan murmushin ne na yi shekara huɗu ina addu'a Allah ya cire mini shi a zuciya. Yanzu in zan je coci sai na roƙi wani ya ɗora ni a keke. Ka san yadda na ƙi roƙo."

Na ce ta yafe mini ko don Allah.

"Na yafe maka tun kana ciki," in ji ta. "Ba don ka kyauta ba. Ni ma gafara nake nema a wurin Allah, ba zan je masa da kai a ƙulle a raina ba. Amma ƙafa ba ta dawowa, kada ka fita nan kana zaton mun koma yadda muke."

Ta ce in shiga falo, a bayan ƙofa akwai kwali, in ɗauko mata. Kwalin nan ne dai, kotu ta mayar mata bayan an gama shari'a. Ta buɗe ta zaro 'yar siririyar fedar da na tsinto a durom. Ta ce ta ajiye ta ne a but da zaton ƙafar mijinta ta taka ta, ashe ba ta taɓa shiga motarsu ba, ita kuma ainihin tasa ni na yanka ta gida biyu. Ta miƙo mini da hannu biyu, yadda na miƙa mata.

"Ga tsohon kayanka," in ji ta.

Yanzu faci nake yi a bakin hanya, a ƙarƙashin wata rumfar kwano da ba tawa ba. Ba mai ba ni birki ya ce in taɓa, kuma ko an ba ni ba na karɓa. Na tuba ga Allah, na bi waɗanda na iya tunawa cikin waɗanda na cuta na nemi yafiya, wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa, duka sun yi daidai. A'isha ta girma, tana gaishe ni in mun haɗu, amma duk Asabar gidan Mama take zuwa ta yi mata wanki da cefane. Ban taɓa cewa ta je ba, da kanta ta san wadda ta ba da ƙafarta dominta.

Ku da ke riƙe da sifana yau, ko allura, ko ma'auni, ko makullin shagon wani, ku ji ni da kyau. Ban tashi da niyyar raba kowa da ƙafarsa ba. Da takalmin birki ɗaya na fara, wanda mai shi bai ko san ya rasa ba. In kun yi ta farko ba a kama ku ba, kada ku ce kun ci, ku ji tsoro. In kuna da wani durom a bayan rumfarku, ko wane iri ne, ku kifar da shi yau da hannunku kafin a kifar muku. In kuma kun riga kun yi ɓarna, mai kaya ya dawo ya ce yana jin wani abu ba daidai ba, ku faɗa masa gaskiya a nan take, ko da sunanku zai zube. Ni sunana na tsare ranar, kuma ga shi ban tsira da sunan ba, Mama ba ta tsira da ƙafarta ba.

Fedar nan tana rataye a ƙusa daidai inda nake zama. Masu kawo faci sukan tambaye ni ta wace mota ce, ko ta sayarwa ce. Nakan ce musu a'a, tawa ce, mai ita ce ta maido mini.